Sau Biyar Aka Mayar da Rasmiya

An yi wani mutum a nan bakin tafkin Lanao, maƙerin tagulla. Ba zan kira sunansa ba, ya riga ya tafi inda za a kira masa shi. A kasuwa mai fara'a ne, a masallaci ɗan sahun gaba. Amma da ya shiga gida ya ja ƙofa, matarsa Rasmiya ta zama abin duka.

Ya 'yan uwa, kada wani ya ce mini ba a sani ba. Gidajenmu na katako ne. Tarin maƙwabci ma ana ji, balle kukan mace.

Karon farko ta gudu gidan kawunta, Makapado, ido a kumbure. Yayyenta maza suka zabura, dattawa suka tare su. Kowa ya san gabar dangi a ƙasar nan: a zubar da jinin mutum ɗaya, a shekara ashirin ana binne samari. Sai aka yi yadda muka saba. Manyan gida biyu suka taru, aka yanka akuya, aka dafa shinkafa da kurkum, aka rubuta takardar sulhu kowa ya sa hannu. Mutumin ya zo yana hawaye, da sabon zane a hannu.

Kawun ya ce, "Haba 'yata, dubi girman gidanmu. Ga shi ya yi nadama."

Ta ce, "Kawu, haka yake kuka kullum. Wata ɗaya ne."

"Ke dai yi haƙuri. Tashi ki bi mijinki, abinci na hucewa."

Wata ɗayan kuwa aka yi. Karo na biyu haƙarƙari ya karya mata, na uku ta yi ɓari. Kowane karo akuya, takarda, addu'a, har sau biyar. Samarin kasuwa suka mai da abin raha, suna ce masa, "Maigida, yaushe kuma za mu ci nama?" Shi kuma ya yi dariya. Me zai hana shi dariya? Mun koya masa cewa hukuncin duka walima ce.

Bayan na biyar ba ta sake gudu ba. Ta gudu ina? Duk hanyar da ta bi, gidansa take komawa.

Wata Talata bayan azahar ya ci abinci, ya ce gishiri ya yi yawa. Ya ɗauko adda ya ajiye gefen tabarma, ya ce, "Bari in ɗan kishingiɗa. In na tashi, yau ba mai yi miki sulhu." Ya yi barcinsa. Tana zaune tana kallon addar. Da ya motsa zai juya, ta ɗauki taɓaryar daka yaji ta sauke masa a ka. Bai sake tashi ba, kuma wannan maganar ita ce ta ƙarshe da ta fita daga bakinsa a duniya.

A kotu lauyan gwamnati ya ce ina kare kai ga mutumin da ke barci? Me ya hana ta gudu? Lauyarta ta kawo likitar ƙwaƙwalwa, wadda ta bayyana cewa macen da ake duka a lallashe ta a sake duka, takan kai inda ba ta ganin mafita, kuma ta fi kowa sanin ranar da barazanar ta zama gaske. Dokar ƙasar nan tana karɓar wannan, in an tabbatar abin ya maimaitu. Aka nemi shaida, duk garin nan aka yi gum. Sai lauyar ta shimfiɗa takardun sulhu biyar a gaban alƙali.

Alƙalin ya ce da Makapado, "Dattijo, sau nawa kuka mayar da ita?"

"Sau biyar, ranka ya daɗe."

"Shi kuma sau nawa kuka hana shi?"

Dattijo ya sunkuyar da kai. Aka sallami Rasmiya, bayan ta shekara biyu a tsare.

Ba na ce ku yaba wa kisa ba. Rai abu ne babba, da wannan nauyin za ta kwana ta tashi. Shi zaluncinsa ne ya kai shi kabari ba tuba. Amma wa ya share masa hanya? Sa hannuna yana kan uku daga takardun nan, ni limaminku na yi addu'ar, kuma na ci naman. Wallahi abin yana ci mini rai.

Sulhu alheri ne idan ya tsayar da azzalumi. In kuwa wanda aka zalunta kawai ake danne wa baki, ba sulhu ba ne. Na san yau a gidan ɗayanku akwai ƙanwa da fuska a kumbure, kuma an riga an ɗaure akuya. Kada ku aiko mini, ba zan zo ba.

Allah ya kiyaye mu da zalunci, ya kiyaye mu da yi wa azzalumi rakiya.