Harajin Solar Kande

Ku matso, kuma kada wanda ya katse ni, don ba na maimaita magana.

A wani gari na bakin tafki akwai Kande, wadda mijinta ya mutu ya bar mata ɗakin sanyi na ajiye kifi da 'ya'ya uku: Barau, Sallau da Ladidi. Farantan sola ne ke ba ɗakin wuta, sun rufe kwanon gaba ɗaya. Sai ciwon zuciya ya kwantar da ita, likita ya ce tiyata kafin damina, ko kuma a haƙura. Ba abin sayarwa a gidan sai solar nan.

Barau, babbansu, direban wani attajiri ne. Ya nemi hutu aka hana shi, ya ajiye makullin mota ya tafi. Gari gari ya bi, ana ce masa wa zai sayi tsohuwar sola, har ya samo wani mai injin casar shinkafa da ya ce zai biya ranar da kaya suka iso ƙofarsa suna aiki. Da Barau ya dawo, an ba wani aikinsa.

Sallau mai gyaran wuta ne. Ya tarar inbata, na'urar da ke juya wutar solar, ta lalace, batura rabi sun mutu. Ya zauna ya tayar da su ɗaya bayan ɗaya. Yana kwance farantin ƙarshe wuta ta fizge shi ta jefo shi ƙasa. Kaya sun tashi lafiya, hannunsa na dama bai sake riƙe filaya ba.

Aka yi lodi, mota ta kama hanya, 'yan haraji suka tare ta a shinge. Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, kayan hannu ne fa! Babanmu ya biya haraji tun suna sababbi."

Jami'in ya ce, "Allah ya ji ƙan Baba, nasa ya biya. Wannan ciniki naku ne, ina naku?"

Kun ji shirmen! Su uku, babu wanda ya tuna ya ɗora haraji a kan farashi. Mai shinkafa ya ce magana ta riga ta ƙare, ba zai ƙara ko sisi ba. Mota na tsare, Kande na numfashi da ƙyar.

Ladidi, autarsu, tela ce. Ta sayar da kekenta, bai isa ba. Ta haɗa da gado da kwanukan ɗakinta, ta biya, aka saki mota. Mijinta ya dawo ya ga ɗaki wayam, ya ce ta bi kayanta. Ta bi.

An yi tiyata, Kande ta rayu. Ta dawo gida babu wuta, masunta sun koma banda kifi da hayaƙi, 'ya'yanta uku suna zaune a tsakar gida, babu mai sana'a. Abin da ya rage shi ne ginin ɗakin sanyin nan, ƙofa ɗaya, kuma abin da zai kawo ba zai ciyar da gida biyu ba. Ta riƙe makullin tana kallonsu, ta ce, "Wanda ya cece ni zan ba." Daga nan ta rasa wanda za ta miƙa wa.

Kada wani ya ce mini a raba uku, na ce ba ya rabuwa. Tsakanin wanda ya rasa aikinsa, da wanda ya rasa hannunsa, da wadda ta rasa ɗakinta, a tafin wa Kande za ta sa makullin?