Yafiyar da Zaharaddin Ya Yi a Zauren Makoki

Akwai wata mata a Karofi mai suna Batula. Mijinta Ummaru yana aiki a wani kamfanin ƙanƙara da ke kan hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi, mallakin Alhaji Mutawakkil.

Wata rana da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara, bututun gas ɗin da ke daskarar da ruwa ya fashe. Wani wari mai yaji ya cika wurin. Ummaru da abokan aikinsa biyu ba su kai ƙofa ba. 'Yarsa Jannat, wadda ta kai masa fura, ta rayu, amma tun ranar numfashinta ke fita da ƙara kamar ana busa kara.

Mata ba su gama salati ba sai ga likkafani daga Alhaji, da motar kai gawa. Kafin la'asar an binne su. Babu likitan da ya duba ko ɗaya. Mutane suka yi ta yabon Alhaji. Batula kuwa abin ya tsaya mata a rai: wannan gaggawa duk don Allah ce?

Ranar sadakar uku Alhaji ya zo zauren gidan Ummaru, ya durƙusa gaban liman yana hawaye, ya nemi gafarar iyali. Kowa ya juya ya kalli Zaharaddin, wan marigayi Ummaru. Babban mutum na kuka a gabanka, liman na kallonka, me za ka ce?

"Mun yafe, Alhaji, duniya da lahira," in ji shi.

Batula na cikin gida tana takaba, da jaririn ɗanta namiji a cinya. Ta ji komai. Ba wanda ya leƙo ya tambaye ta.

Ba a jima ba kamfanin ya koma aiki, sai labari ya iso mata cewa Alhaji ya ɗauki Zaharaddin gadi. Nan ta yanke cewa an saye shi. Idan ya aiko da gero sai ta mayar. Idan ya tsaya a zaure yana tambayar jikin Jannat, sai ta ce a faɗa masa tana salla. Su ma mutanen gari suka fara zarginta, wai tana so ta ci da gawar mijinta.

Da ta fita takaba ta kai ƙara kotu a Dutsin-Ma. Lauyan Alhaji ya ce ba wanda ya san abin da ya kashe Ummaru tunda ba a duba shi ba, kuma iyali sun yafe a gaban liman. Alƙali ya tambayi wanda ya yi yafiyar.

Zaharaddin ya miƙe. Batula ta sunkuyar da kai, tana jiran ya ƙarasa su.

"Allah gafarta Malam, ni na faɗa," ya ce. "Kunya ce ta yi magana da bakina. Ummaru ya bar mata da 'ya'ya, har da ɗa namiji. Ba ni da ko allura a gadonsa. Na yi kyauta da kayan da ba nawa ba."

Ya ƙara da cewa ya karɓi gadin ne don ya ga wurin da ya cinye ƙanensa da idonsa. Bututun nan yana nan, in ji shi, an naɗe shi da robar tayar babur, kuma ma'aikata sun ce haka yake tun kafin ya fashe. Ya roƙi kotu ta aika a gani.

Aka je, aka gani. Aka rufe kamfanin, aka ɗora wa Alhaji diyya da maganin Jannat. Ya ɗaukaka ƙara, har yanzu ana ta zarya. Jannat kuwa ba ta iya hawa tudun makarantarsu sai ta huta.

Da suka dawo Karofi, Batula ta fito har zaure wurin Zaharaddin, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Yaya, na zarge ka, na mayar maka da hatsinka. Ka yafe mini."

Ya ɗan murmusa.

"To, wannan kam haƙƙina ne, Maman Jannat. Na yafe. Gobe geron zai dawo, kada in ga ya sake yin kwana ya koma wurina."

Darasi: Yafiya abu ne mai kyau, amma mai haƙƙi ne ke yin ta. Kada kunyar taro ta sa ka yafe jinin maraya, kuma kada zargi ya sa ka rufe wa ɗan'uwa ƙofa kafin ka ji ta bakinsa. Jama'a, ku tura wannan labari, musamman ga masu magana da yawun iyali a zauren makoki.