Marin da Jatau Ya Ƙera wa Ubansa

An yi wani sarki a wani birni na gabas, wanda ya gaji al'ada kyakkyawa amma bai gaji halin masu ita ba. Kowace shekara bayan kaka akan tara masu koyon sana'a, bana masaƙa, baɗi dukawa, kowa ya kawo aikin hannunsa. Wanda ya fi, a ba shi riga da kayan aiki da rumfarsa ta kansa, daga ranar ya tashi daga yaro ya zama maigida.

Shekarar da abin ya zagayo kan maƙera, akwai wani tsohon maƙeri a kurkuku, sunansa Mati. Laifinsa ɗaya: sarki ya ce a tattara garemanin manoma a mai da su masu da kibau, shi kuwa ya ce hannunsa ba zai yi ba. Sau uku ana sa masa mari, wato ƙarfen ɗaure ƙafa, sau uku yana kwancewa, don wanda ya yi shekara arba'in da ƙarfe ya san inda yake da rauni. Sai sarki ya fusata, ya ce bana kowane mai koyo mari zai ƙera. Ya rantse a gaban jama'a cewa ba za a ƙara sa wa Mati wani ƙarfe ba sai wanda ya ci gasar.

Alƙalin gasar kuwa Sarkin Maƙera Nomau ne, wanda tare suka yi zuga da Mati suna yara. Aka jere mari goma sha biyu a gabansa. Yana ɗaga na bakwai gabansa ya faɗi, don ya san hannun: na Jatau ne, ɗan Mati na cikinsa. Ya ƙwanƙwasa shi da masaba yana saurare, a zatonsa yaron ya ɓoye wata tsaga don uban ya samu hanya. Ina! Ƙarfe ya amsa garau, babu aibi ko na ƙwayar gero. Nomau ya ji ɓacin rai har wuya. Ya ja yaron gefe ya tambaye shi, ashe riga da rumfa sun isa ɗa ya ɗaure ubansa?

Jatau ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, shafa cikinsa ka ji."

Nomau ya zura yatsa. Sumul, kamar cikin ƙwarya. Jatau ya ce an bar shi ya kai wa uban abinci, ya tarar marin da ake sa masa mai kaushi ya ci idon sawunsa har ƙashi, gyambon yana wari. Kwana ashirin ya yi yana goge nasa da magagari.

Ya ƙara da cewa, "Ɗauri dai sai an ɗaure shi. Gara na wanda ya san ƙafar."

Nan Nomau ya ga gaba kura, baya siyaki. In ya hana yaron, ya yi ƙarya, kuma ƙarfe mai kaushi ya koma kan gyambo. In ya ba shi, Mati ya ɗauru ɗaurin da ba kwancewa, Jatau kuma ya mutu da sunan wanda aka sa wa riga don ya ɗaure ubansa.

Aka taru a soron fada. Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ɗaga marin Jatau ya ce wannan ne ya ci. Sarki ya yi murmushi, don abin ya yi masa daɗi ainun, ya ce a je a sa wa Mati yanzu. Sai Nomau ya nuna bangon soron, inda aka rataye sirdi da zane da takobi da sauran abin da ya taɓa cin gasar.

"Ranka ya daɗe, kakanka da ya kafa wannan al'ada ya rantse cewa abin da ya ci, a bangon nan zai zauna, ba a mora shi har abada, kai ma ka maimaita rantsuwar ranar naɗinka. Ka kuma rantse ba ƙarfen da zai taɓa Mati sai wannan. Ni talaka ne, ban san wadda zaki zai karya ba."

Sarki ya dubi malamai, kowa ya dubi ƙasa. Magana zarar bunu ce, ta fita ba ta komawa. Da kyar sarki ya ce a rataye marin, a ba yaron rigarsa. A nan take kuma ya sa aka warware rawanin Nomau, aka ba shi kwana uku ya bar garin.

Kada ku zaci an saki Mati. Ba a sake shi ba, gyambon kuma ya riga ya yi nisa. Kwana tara ya ƙara yi a kurkuku ba ƙarfe a ƙafarsa, ran na goma ya cika. Jatau ne ya yi masa wanka, kuma bai taɓa sa rigar nan ba. Nomau ya ƙare kwanansa a wani ƙauye yana ƙera lauje, in an tambaye shi yakan ce abin da ya iya ƙwatowa kaɗan ne, amma bai yi da-na-sani ba.

Shi ya sa masu hikima suka ce, azzalumi ba ya ɗauruwa da igiyar kowa, sai wadda bakinsa ya tufka.