Muciyar da Ta Tsaya a Randa

A ƙofar wani masallacin unguwa a Gwandu akwai dutse mai siffar randa, da muciya a tsaye a tsakiyarsa. Mutane kan rataya hula a kanta in za su yi alwala. Na daɗe ina wucewa kafin na iya tambaya. Ga labarin da aka ba ni.

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum wanda sahun farko ba ya wuce shi. Da aka tashi gyaran masallaci, shi jama'a suka damƙa wa makullin ɗakin siminti. Wa za a ba, in ba shi ba?

Sai ya dubi daɓen ɗakinsa ya ga ya farfashe. Ya ce a ransa, mudu ɗaya ai ba sata ba ne. Kullum bayan La'asar ya ɗebi mudu, ya juye a tsohuwar randa bayan ɗaki, ya rufe da faifai. Har ta kusa cika.

Ana gobe sunan ɗansa, dangin matarsa Hafiza suka iso daga Kalgo, shi kuwa ya tafi sayen rago. Mata suka nemi wurin tara ruwa, suka ga randa, suka zuba ba su leƙa ba.

"Wagga randa da albarka take," in ji wata gwaggo. "Guga guda ta cika!"

Da suka ga ruwan ya yi toka-toka, suka bar shi. Mutumin ya dawo, ya ɗaga faifai, ya ga ruwa a kan siminti. Ya suri muciyar Hafiza ya caka, don ya ga ko ƙasan bai jiƙe ba. Baƙi suka yi sallama, ya bar ta a ciki ya fita. Da ya dawo bayan Magariba ya taɓa randar, ya ji ta da ɗumi kamar mai zazzaɓi. Ya ce gobe ya shanya a rana, simintin ya koma gari.

Ina! Gishiri in ya narke, rana kan dawo da shi. Siminti in ya sha ruwa, ba jiƙewa kawai ya yi ba. Shi da ruwan sun haɗu sun zama wani abu sabo, ɗumin nan shi ne shaidar. Ba rana, ba turmi, da zai mai da shi abin da yake.

Da safe aka ɗora tukunyar tuwo, ba muciya. Aka same ta a tsaye. Mata uku suka ja, ta ƙi. Aka kira maza daga zaure, har da Habibu magini. Suka ja, randa ta fashe, dutse ya bayyana sumul.

"Toka ce," in ji maigida.

Habibu ya ƙwanƙwasa da zobensa. "Malam, shekara ashirin ina gini, ban ga toka mai wanga ƙarfi ba. Ashe nan katangar alƙibla ta kwana."

Mutumin ya zaro makulli daga aljihu, ya rataya a muciyar, ya bi ta ƙofar baya. Ragon ma wasu suka yanka. Daga baya jama'a suka gangara dutsen zuwa ƙofar masallaci.

Ya 'yan uwa, haka cin amana yake. Gari ne mai laushi, mudu-mudu, ana cewa gobe a mayar. Wa ya san ranar da za a zuba masa ruwa? Mu mayar tun yana gari.

Allah ya kiyaye mu da zuciyar da ta daskare, ya tsare mana amanar da aka ba mu. Amin.