Baƙin Layin Da Bai Rufe Fuskar Inna Adama Ba

Akwai wani likita, Dakta Badaruddeen, mazaunin Dutsin-Ma, yana aiki a wani asibiti a Kurfi. Aiki kam ya iya, ba mai musun wannan. Matsalarsa ɗaya ce: in ya ƙulla abu a ransa, maganar kowa surutu ce.

Ya daɗe yana son ganin sunansa a mujallar likitoci. Abokan karatunsa duk sun buga nasu binciken, shi kaɗai ya rage, kuma abin yana cin ransa.

Ran nan sai ga wata dattijuwa, Inna Adama, daga wata ruga kusa da Birchi. Fura da nono take sayarwa a kasuwar Kurfi, da su take riƙe marayun ɗanta. Ta shigo ta rufe rabin fuska da mayafi. Da ta yaye, likita ya matso ya duba. Wasu ƙuraje ne suka kumbura mata kunci da goshi, irin ciwon fatar da ba a cika gani ba.

Tun da abin ya fara take ɓoye a gida. Maƙwabciyarta ke kai mata fura kasuwa, ana ce wa mutane ta yi tafiya.

Ta ce, "Likita, kai kaɗai na buɗe ma. In 'yan kasuwa suka ga fuskar nan, kuturta za su ce. Wa zai ƙara shan furata?"

"Ba kuturta ba ce, Inna, kuma ba a ɗauka. Za ki warke da yardar Allah. Bari in ɗauki hoto, in riƙa auna sauƙin da kike samu."

"Ba mai gani kau?"

"Ba mai gani."

Ta warke sarai. Har man shanu ta kawo masa na godiya, ta koma gindin bishiyarta a kasuwa.

Shi kuwa ya ga abin da ya daɗe yana nema. Ya zauna ya rubuta bayanin ciwon da maganinsa, ya bi ƙa'idojin mujallar ɗaya bayan ɗaya: yawan kalmomi, jerin littattafan da ya duba, girman hoto. Ya ja baƙin layi a kan idanun Inna Adama, kamar yadda ya ga ana yi don ɓoye mara lafiya. Sannan ya kai wa tsohuwar malamarsa, Dakta Nana Hadiza, don ta duba su sa sunansu tare.

Ta karanta tana gyaɗa kai, har ta iso kan hoton. Nan ta tsaya.

"Matar ta yarda a buga?"

"Ai na rufe idanun, Malama."

"Idanun ka rufe, Badaru. Dubi bakinta."

Ya duba. Zanen Fulani ne baƙi a gefen bakinta, da wani siriri a haɓa. Sau nawa ya gan shi, bai taɓa kawo shi a ransa ba.

Ta ce, "Mu nan ba da ido kaɗai ake gane mutum ba, da zane ake gane shi. Duk wanda ya taɓa sayen fura wurinta ya san wannan bakin. Ka je ka tambaye ta. In ta ƙi, ka tura ba hoto."

Ya yi 'yar dariya. "Mujallar Turanci ce fa. Wa ke karanta ta a ruga?"

Ta miƙa masa takardunsa. "Tau, kar ka sa sunana."

Bai je ba, don ya san amsar da Inna za ta bayar. Da ya zo tura rubutun ta intanet, shafin mujallar ya tambaye shi ko mara lafiya ta amince a buga hotonta. Sai ya danna "eh".

Bayan wani lokaci masu tantancewa suka maido da rubutun. Sun yaba, amma sun ce hoton ya dushe, a turo wanda ya fi fitowa. Ya ji kamar ana ba shi dama ta ƙarshe. Duk da haka ya zaɓi wanda ya fi kowanne haske, wanda ko layin zanen ana iya ƙirgawa, ya tura.

Ranar da aka buga, murna ta hana shi zama. Ya ɗora shafin a waya don abokai su gani. Aka yi ta "Allah ya ƙara basira, Dakta". Wani ya tura wa wani, wancan ya tura guruf na hira a waya.

Bai ji komai ba da farko. Sai dai ya lura masu gadin asibiti sun rage sakin fuska in sun gaishe shi. Wata mata ta kawo ɗanta, ta ce sai ya ajiye wayarsa a aljihu kafin ta zauna. Ranar kasuwa ya bi ta gindin bishiyar nan, ya tarar babu kowa.

Wata nas, Zaituna, ita ta nuna masa dalili a wayarta. An yanke Turancin duka, an bar hoton kawai, an rubuta a ƙasa: "Hattara da furar kuturwa a kasuwar Kurfi."

Nan take ya rubuta dogon bayani cewa ba kuturta ba ce, ya watsa. Ba wanda ya tura shi gaba. Ya roƙi editan mujallar ya cire hoton. Edita ya ce ya turo shaidar amincewar matar, kuma babu. Aka janye rubutun, aka bar sanarwa ƙarƙashin sunansa cewa ya yi ƙarya. Amma hoton da ke cikin wayoyin mutane, ba editan da zai iya janye shi.

Likita ya ɗauki mota ya nufi rugar. Ƙorai na kife a jere a kan kara, sun bushe ƙayau. Yayan Inna Adama, Malam Alu, ya amsa sallama bai ba shi tabarma ba.

Can sai ta fito. Fuskar da ya warkar da hannunsa, wadda ko tabo babu, tana rufe da mayafi kamar ranar farko.

Ya durƙusa. "Inna, na zo neman gafara."

Ta dube shi. Sannan ta ce, "Na yi ciwo a ɗakina, ba wanda ya kira ni kuturwa. Sai da na warke ka mai da ni."

Ta juya ta shige. Har yau ba ta koma kasuwar Kurfi ba, kuma har yau in ya ji mai tallar fura sai gabansa ya faɗi.

Darasi: Wanda ya buɗe maka sirrinsa don neman lafiya amana ya ba ka, ba tsanin hawa ba. Ka nemi izini kafin ka nuna hoton kowa, kuma in na gaba da kai ya ce ka dakata, ka dakata. Mu ma masu tura hotuna ba bincike mu ji tsoron Allah. Wannan labarin kam ku tura shi, ko zai hana wani danna "eh" a inda ba a ba shi izini ba.