Mai Waldan da Ya Kashe Tarinsa

An yi wani mai walda da ake yi wa laƙabi da Guduma, saboda hannunsa ya fi bakinsa saurin ba da amsa. Ƙato ne, ga girman kai, ba ya ƙaunar a ga kasawarsa.

Ya yi wata uku yana tari. Wata safiya ya tofar da majina a kan ƙarfen ƙofar da yake haɗawa, sai ga jini ja wur. Ya sa tsumma ya goge, ya je ya sayo feshin da likitan haƙori ke kashe dasashi da shi. Yana fesawa a maƙogwaro wurin ya daina jin komai, tari ya tsaya cak. Gogan naka ya ɗauka ya fi likitoci dabara.

Ƙanensa, direban motar haya, ya same shi a shago yana fesawa.

"Yaya, tarin nan shi ke fito da jinin. In ka kashe shi, ina jinin zai tafi? Taso in kai ka asibiti, ga mota a waje."

"Kai da ko tuƙin ba ka gama iyawa ba, yau ka zama likita?"

Ƙanen ya fizge kwalbar feshin ya yi jifa da ita. Guduma ya rarumi bututun ƙarfe ya sauke masa a hannun dama, ƙashi ya ce ƙas. Ya bi shi da shuri har ƙasa, sai da mutum huɗu suka rirriƙe shi. Kafin la'asar ya sayo wata kwalbar.

Bayan kwana biyar, da tsakar rana, ya fesa sau uku ya kishingiɗa a benci. Jini ya ɓalle, maƙogwaro bai ji ba, ya gangara ya cika hanyar numfashi. Guduma ya zabura yana neman tarin da ya kore, tari ya ƙi zuwa. Ya faɗi yana shure-shure, idanu a waje.

Da jin labari, ƙanen ya rugo da hannu a ɗaure. Ga mota, ga makulli, amma ba hannun ɗaga mutum balle na tuƙi. Kafin a samo wani direba, Guduma ya cika, yana damƙe da karyayyen hannun nan.

Darasin da ke nan shi ne, tarin jini na likita ne, kuma kashe jin ciwo ba warkewa ba ne. Wanda ya faɗa maka gaskiya kada ka ɗaga masa hannu, wataƙila gobe shi kaɗai za ka gani a kanka.