Ranar da Ggoonya Ya Kasa Ɗaga Mutum

Lubega ɗan kokawa ne a Nyendo, gefen Masaka, kuma a girman kai ba shi da na biyu. A fage ana kiransa Ggoonya, wato kada. Ya fara ne da shan kaye a hannun manya a Kampala, ana sallamarsa da kuɗin mota da capati, wainar fulawa. Da ya gaji, ya dawo gida ya kafa nasa fagen a bayan tashar 'yan boda-boda, wato 'yan acaɓa: turakun gora, igiya, da ƙasa mai laushi da ake jiƙawa da ruwa. Shi ne mai fage, shi ke haɗa wasa, shi ne kuma zakara. Ni ne alƙalin wasansa tun ranar farko.

Irin kokawarmu ta shiri ce, kafin a fito an san wanda zai faɗi. In ka ga an ɗaga ƙato sama an maka shi da ƙasa, ƙaton ne ya yi tsalle, ya dafa kafaɗar mai ɗagawa, ya ba shi jikinsa amana. In kuwa wani ya ji ciwo na gaske, sai ya matse wuyan hannun abokinsa sau biyu, nan take a sassauta. Ba mu da dokar da ta fi wannan girma.

Wanda ya fi kowa faɗuwa a hannun Lubega shi ne Kayongo, mahauci, wan matarsa. Shi ke fitowa a mugu, yana zare ido, yara suna jifansa da ɓawon ayaba. Shekara da shekaru yana tsalle yana faɗuwa, jama'a suna tafa wa Ggoonya. Lubega ya sha tafi har ya soma yarda cewa ƙarfinsa ne.

Wata rana bayan atisaye Kayongo, wanda ke kiransa muko, wato suruki, ya ce masa, "Muko, gwiwata ta gama aiki. Bar ni in riƙe ɗamarar zakaran nan ko na wata guda ne, 'ya'yana su ga ubansu a tsaye sau ɗaya kafin in ajiye."

"Kai da ɗamara?" in ji Lubega yana dariya. "Ai tumbin nan naka ba zai bari ta ɗauru ba."

Amma 'yan kallo sun fara raguwa, don kowa ya haddace ƙarshen wasa. Saboda haka Lubega ya yarda. Aka tsayar da washegarin Kirsimeti, a gabana suka tafa.

Ranar fage ya cika maƙil tun da rana tsaka. Wasa ya tafi yadda aka tsara, har Kayongo ya danne Lubega, na durƙusa na fara ƙirga. Sai wasu samari suka ɗauki ihu, "Ggoonya! Ggoonya!" Na buga ɗaya, na buga biyu, Lubega ya ɗaga kafaɗa.

Na ce masa ƙasa-ƙasa, "Ssebo," wato maigida, "kwanta mana!"

"Kurma ne kai? Ba ka ji sunan wa suke kira ba?"

Ya miƙe ya cafki Kayongo. Shi kuwa ya ɗauka armashi ake ƙara wa wasa, ya yi tsalle kamar kullum. Ya sauka a karkace, a kan kafaɗa. Da idona na ga ya matse wuyan hannun Lubega sau biyu. Lubega ya ji, ya dubi jama'a, ya sake finciko shi ta wannan hannun ya buga da ƙasa. An ji ƙarar ƙashi har layin baya.

Kayongo ya tashi daga jinya, amma hannun bai sake ɗaga gatarin sara nama ba. Da aka tambayi Lubega, cewa ya yi, "Me zan yi? Ƙarfi ne ya yi mini yawa." Maganar nan ta fi karayar zafi a wurin 'yan wasanmu. Ba wanda ya yi masa faɗa. Ɗaya bayan ɗaya suka daina zuwa atisaye, wannan ya ce ciwon baya, wancan ya ce biki a ƙauye.

Lubega bai damu ba. Ya ɗauko wani ɗan kokawa daga Jinja mai suna Kirunda, siriri, bai kai rabin Kayongo ba. Kirunda ya ji duk abin da ya faru, amma ya karɓi sharaɗin faɗuwa bai yi musu ba.

Da aka zo wurin ɗagawa, Lubega ya kama ƙugunsa ya yunƙura. Kirunda bai yi tsalle ba. Ya saki jiki kawai, ya zama buhun gawayi. Lubega ya sake yunƙurawa, jijiyoyin wuyansa suka fito, ƙafar Kirunda ko taɓo ba ta bari ba.

"Ɗaga mana, Ssebo," in ji Kirunda da ƙarfi yadda kowa zai ji. "An ce ƙarfi ya yi maka yawa."

A yunƙuri na gaba santsi ya kwashe Lubega, ya zauna daɓas a taɓo. Wata mai gasa ayaba ta ƙwala, "Wayyo, kada ya koma ƙadangare!" Dariyar da aka yi ta kai tasha. Ban ƙirga komai ba, don babu abin ƙirgawa.

Daga ranar babu wanda ya sake biyan shilin ɗaya don ganin Ggoonya. Ya je gidan Kayongo da ƙunshin nama, yana roƙo ya dawo ko sau ɗaya su gyara suna. Kayongo ya karɓi naman da hagu, ya ce, "Na yafe maka, muko. Amma tsallen ya ƙare." Yanzu a filin nan 'yan boda-boda ke wanke babura.

Darasin a fili yake: girman kai rawanin tsiya ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda ka gani a sama ana tafa masa, akwai wanda ya yarda ya faɗi dominsa. In mutum ya ba ka jikinsa, ko sunansa, ko guminsa amana, kuma ya nuna maka ya ji zafi, sassauta masa. In ka ƙi, ranar da ya daina tsalle za ka san iyakar ƙarfinka.